Agustan da Baba Ya Juya Riga

Shekaranjiya ƙanena Hamisu ya turo mini bidiyo daga gida. Indararo yana ta kwarara, tsakar gida ta zama kududdufi, wata tsohuwar akuya ta rakuɓe a gindin rumbu tana kallon ikon Allah. A ƙasa ya rubuta, "Yaya, marka ta sauka." Ni kuwa ina zaune a ƙofar ɗakina a Agege, katifu a shanye a kan katanga, sama ta yi toka-toka, iska mai sanyi tana busowa daga wajen teku, ko ɗigo babu. Na ɗauki hoton katifun na tura masa. Kafin ƙiftawa da bismillah ya san samata, na san tasa. Sai na kife wayar a cinya. Da wannan 'yar aba tana hannunmu a Agustan shekarar dubu biyu, da an rage mini kunyar da har yau in na tuna ta sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Shekarata uku da aure a lokacin, soja bai daɗe da komawa bariki ba. Daga wani ƙauye gabas da Gumel aka kawo ni, amma kafin a je ko'ina na waye. Na iya cinikin tattasai da Yarabanci, na iya yi wa kwandastan motar danfo tsawa in ya nemi ya raina ni. Ina ji da kaina, ba zan ɓoye ba. Maigidana, da nake kira Malam, fatu yake saye a mayankar Oko-Oba, na awaki da na tumaki, ya sa musu gishiri ya shanya, in sun taru ya ɗora a mota zuwa Kano. Haya muke a gida mai ɗakuna suna kallon juna, dogon lungu a tsakiya, tsakar gida a baya inda kowa ke girki da wanki. Mai gidan wata Bayarabiya ce, Iya Bose, ga ƙiba ga faɗa ga kirki, duk a jiki ɗaya. Ɗakin da ke kallon nawa na Talatu ne, Bahaushiya haifaffiyar Agege, wadda ba ta taɓa wuce Ilori ba, amma in tana ba da labarin Kano sai ka rantse da ita aka gina badala. Ita nake kwaikwayo a ɓoye, kuma bakinta nake tsoro.

Wanda bai yi Yuni da Yuli a Legas ba bai san jiƙa ba. Ruwan nan ba ya sallama, ba ya tara hadari a gabas ya ba ka lokacin kwashe shanya kamar na gida. Ka kwana da shi, ka tashi da shi. A shekarar nan kwata ta cika ta shigo lungunmu har sau da dama, muna tsaye da tsintsiya da bokiti muna korar ta, ita kuma tana dawowa da ledoji da abin da ba ya faɗuwa. Gishiri ya narke a gwangwani. Ashana ta sha danshi, sai ka ƙyasta rabin kwali kafin ɗaya ta kama, kuma ga kananzir ya yi wuya, gawayin da muka koma wa hayaƙi kawai yake yi. Takalmin Malam na Juma'a ya yi fumfuna har ya zama kore. Wankin ɗana Abba, da yake rarrafe a lokacin, sai ya kwana ya wuni a igiyar cikin ɗaki yana tsami. Fatun Malam kuwa suka fara wari da tsutsa, kullum sai ya dawo da fuska a murtuke, ya ce an sake zubar da wasu.

A ƙarshen wannan ruwa mahaifina, Baba, ya iso. Yanar ido ta rufe masa duka biyun. Na hagu ya daɗe da tafiya, na dama yana ganin haske da inuwar mutum, shi ke nan. Malam ne ya ji labarin wani asibiti da ake cire yana, ya yi ta zirga-zirga har ya samu kati, ya aika a taho da shi. Manomi ba ya barin gona a tsakiyar damina, kowa ya sani. Sai da aka gama maimai, Hamisu da Inna suka yi ta lallashi, kafin ya yarda ya hau mota, shi ma da sharaɗin sati guda zai yi. Da muka kai shi aka duba, likita ya ce idon dama zai gyaru, amma jininsa ya hau, ba za a taɓa shi ba sai ya sauka. Aka ba shi magani, aka sa rana a ƙarshen Agusta. Likitan ya kalle ni ya ce in ranar ta wuce, layi ne mai tsawo, kuma idon ba zai jira ba.

Ni ce 'yar farinsa. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa zama na kalli ƙwayar idonsa ba. "Ke" yake ce mini, in yana cikin raha ya ce "'yar nan". Malam kuwa suruki ne. In Baba yana falo, inda muka yi masa shimfiɗa, Malam sai ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe shi ya zame kamar wanda ya yi sata. Duk abin da Baba ya faɗa amsarsa ɗaya ce: "To, Baba, in sha Allahu." Haka muka zauna mu uku a ɗaki da falo, kowa yana kunyar kowa.

Kwanakin farko Baba ya ji daɗi. In ruwa ya sauka a kan kwano sai ya miƙa hannu ta taga ya tara, ya shafa a fuska. "Alhamdulillahi," yake cewa, "wannan ko ƙeƙuwa ce ta sha." Ni ina can ina tsane lungu ina tsaki a ciki.

Sai ruwan ya ɗauke. Kamar an rufe famfo. Mu a nan mun san shi, hutun Agusta ake ce masa, kuma jiransa muke kamar sallah. Ba wai rana ke fitowa ba. Sama takan yi lullumi, gajimare ya rufe ta fari-fari ba ruwa a cikinsa, iskar teku ta yi ta busowa da sanyi har tsofaffi su nemi rigar sanyi. Amma ƙasa takan bushe. Gidan gaba ɗaya ya fito. Tun da safe muka yi ta fitar da katifu, mu biyu-biyu muna ɗagawa, muna dukan su da muciya ƙura tana tashi. Aka shanya tabarmi, akwatuna a buɗe, zannuwan da suka yi wata biyu suna warin danshi. Maza suka yashe kwata. Iya Bose ta sa aka hau rufi ana liƙe inda yake yoyo, tana ƙasa tana zagin mai gyaran da kakanninsa. Malam ya baza fatunsa a wani fili kusa da layin dogo, ya fara dawowa gida da tsire. Talatu tana wanki tana rawa. Kowa fuskarsa a sake, ban da mutum ɗaya.

Baba ya fara da tambaya. In na kai masa koko sai ya ce, "Ke, an yi ruwa cikin dare?" In ce a'a. Da la'asar sai ya ce in kai shi tsakar gida in juya shi gabas. Ya zauna a kujera 'yar tsugunno, sandarsa a tsakanin gwiwoyi, ya ɗaga hanci yana shaƙar iska.

"Hadari ya taso?"

"Babu, Baba."

"Wannan iskar ta bayana take zuwa. Ba ta ruwa ba ce." Ya sake shaƙar iskar. "Geron tudu yanzu yana fid da kai. In bai sha yanzu ba, bununi zai bushe a kansa."

Da na ga ya fara barin tuwo a kwano, na gaya wa Malam. Malam ya ce in gaya masa kada ya damu, haka Legas take, ruwan ya tafi Arewa ne, in ya gama da su zai dawo mana. Na ce ya gaya masa da bakinsa. Ya zaro ido ya ce, "Ni? In ce wa Baba bai san damina ba?" Dole ni na je, na durƙusa daga gefe, ina kallon tabarma, na faɗi saƙon da 'yar ƙaramar murya.

Baba ya yi murmushin da ake yi wa yaro. "Watan azumi in ya tsaya a Gumel, nan wani watan kuke gani daban?"

"A'a, Baba."

"Ranar da ke fitowa nan, wata ce aka ƙera muku?"

"A'a."

"To sama ɗaya ce. Na haura saba'in ban taɓa ganin Agustan da ya bushe aka ci tuwo a shekarar ba. Na ga fari da idona, lokacin da nake da idon. Haka yake farawa, gajimare ba ruwa, iska mai sanyi. Maigidanki yana kwantar mini da hankali ne, Allah ya saka masa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ƙauyenmu ba tarho. Rediyonsa da yake manne da kunne siyasa kawai take yi, ba wanda zai ce maka an yi ruwa a gabas da Gumel. Na tashi na koma kan murhu.

Baba ya ce a gaya wa Malam ya yi wa liman maganar roƙon ruwa. Malam ya ce, "To, Baba, in sha Allahu," ya bi ta wata hanyar. Da Baba ya ga shiru, sai ya yi da kansa. Ni ban je ba, Malam ne ya ba ni labari yana dafe da goshi. An idar da la'asar a masallacin layinmu, masallaci cike da mahauta da 'yan okada masu babur da masu dako, Baba ya dogara sanda ya miƙe ya ce, "Jama'a, Agusta ya raba, sama ta kame, ba za mu fita mu roƙi Ubangiji ba?" Sai wani ya tuntsire da dariya daga sahun baya, sauran suka kama. Mutanen da jiya-jiya suka gama kwashe ruwa daga ɗakunansu! Liman mutumin kirki ne, ya tsawatar, ya ce, "Baba, yi haƙuri, nan garin haka yake. Ai baƙo makahon gari ne." Bai ankara da abin da ya faɗa ba sai da ya fita daga bakinsa. Malam ya ce ji ya yi kamar ya shige ƙarƙashin tabarma. Da magariba liman ya zo har gida ba da haƙuri. Baba ya ce ba komai.

Washegari da hantsi ina kan wanke-wanke a tsakar gida, mata duk suna nan, sai ga Baba ya fito yana laluben bango. Ya sa tsohuwar rigarsa ta gona da ya zo da ita a jaka. Ya nemi wuri tsakanin katifar Talatu da barkonon da Iya Bose ta shanya, ya shimfiɗa buzu, ya ta da salla. Raka'a biyu. Da ya sallame sai ya miƙe, ya cire rigar, ya juya ta ciki waje, ya mayar. Ɗinki duk a fili, aljihu yana lilo a ƙirjinsa kamar kunnen akuya. Ya ɗaga hannu sama.

Na san abin da yake yi. Ina ƙarama na bi jama'a bayan gari an yi haka, maza sun juya riguna, tsofaffi suna kuka, kuma a lokacin ban ga abin dariya ba. Amma a Agege, a gaban Talatu, wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Iya Bose ce ta fara motsi, kuma don Allah ta yi. Ta ɗauka rashin gani ne ya sa tsoho ya sa riga a baibai. Ta ajiye tsintsiya ta je ta kama gefen rigar tana ja tana cewa, "Baba, Baba, pele o," wato sannu, tana ƙoƙarin cire masa ta gyara. Baba bai sauke hannu ba, bai katse addu'a ba, yana dai ta ƙanƙame rigar da gwiwar hannu. Tana ja, yana riƙewa.

"Iya, ki bar shi," in ji Talatu, da Yarabanci, tana danne dariya. "Addu'a yake. Ruwa yake roƙo."

Iya Bose ta saki rigar ta ɗora hannu biyu a ka. "Egbami o, ku cece ni! Ruwa? A gidana?" Ta juyo kaina tana nuna rufin da aka gama liƙewa, tana nuna barkononta, tana tambayata laifin me ta yi mana. Mata suka zube da dariya. Talatu har da riƙe ciki.

"Maman Abba," ta ce, hawaye na zubo mata, "abeg ki ce wa Baba ya bari katifata ta bushe tukuna. Ke ma ai sai ki tausaya wa oganki, da me zai biya haya in fatu suka sake jiƙewa? Suruki yana shanya, suruki yana roƙon ruwa!"

Na yi yaƙe. Me zan yi? Na ci gaba da cuɗa tukunyar da ta riga ta fita, ina ta cuɗawa, har Baba ya shafa ya naɗe buzunsa.

Bai tsaya a ranar ba. Kullum da hantsi sai ya fito. Na gwada dabaru: in ce tsakar gida a jiƙe take, in ce likita ya hana shi shan iska, in ɗauke rigar in ce na jiƙa ta a wanki. Sai ya juya wadda ke jikinsa. Talatu ta laƙa masa suna, Baba Mairuwa, suna kuwa ya bi layi. In an ƙwala wa mai tura kurar jarkoki kira, "Mairuwa!", sai ka ji 'yan layi suna cewa, "Wanne daga ciki?" Na daina zuwa kasuwar safe don kada a nuna ni. Malam ya koma yin salla a wani masallacin. Ba wanda ya ce da wani komai a cikinmu. Da muka koma asibiti awo, nas ta duba abin awon ta sake dubawa, ta ce jinin bai sauka ba, ya ma ƙaru. Ta ce, "Me ke damun tsohon nan?" Na ce ba komai. Ina zan fara?

Saura 'yan kwanaki ranar aiki, sai ga Malam da azahar, fuskarsa kamar an yi masa albishir da Makka, yana jan wani mutum a baya. Garba direba ne, ɗan wajenmu, yana ɗauko shanu daga Maigatari. Malam ya gan shi a Oko-Oba yana sauke kaya, ya ji ya ce ruwa, bai ma tsaya jin sauran ba ya kamo hannunsa. Abin da suruki ba zai iya faɗa ba, ga baƙo ya zo ya faɗa. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Mata suka rage hayaniya, kowa ta kasa kunne tana yi kamar tana aiki.

Aka gaisa aka sake gaisawa. Baba ya kasa haƙuri. "Garba, gaya mini gaskiya. Yaya sama?"

"Sama? Baba, ai mu rana muke nema. Marka ce ba dare ba rana. Ni da nake bin hanyar nan, kullum Agusta haka nake gani. Daga nan har Ibadan ƙura nake sha. In na haye gadar Jabba, waifa ba ta hutawa har gida. Ruwan nan kamar makiyaya yake, Baba. Yana farawa daga bakin teku ya yi ta hawa, yanzu yana can wajenmu ya ya da zango. In ya ƙoshi ya gangaro, ya sake yi wa mutanen nan wanka kafin ya wuce. Damina biyu suke ci, mu ɗaya."

"Geron tudu fa?"

"Ya fi ƙarfin mutum tsawo. Har an fara gasa tumu."

Na ga kafaɗun Baba sun sauka. Malam ya kalle ni ta gefen ido. Talatu ta yi wani ɗan tari. Da Garba ya tsaya nan, da an tashi lafiya. Amma sai ya gyara zama ya cire hula ya sosa kai.

"Dama Hamisu ya ba ni saƙo, ya ce in na samu hali in biyo. Ruwan ya yi yawa. Katangar gabas ta zube. Ɗakinka ma ya zauna, Baba. Ba wanda ya ji ciwo, an riga an kwashe Inna ta koma wajen Hamisu. Rumbu ɗaya ya sha ruwa, suna ta ƙoƙarin fid da abin da ya rage."

"Yaushe?"

Garba ya faɗi ranar. Baba ya motsa leɓe. Na san lissafin da yake yi, don ni ma na yi shi: a cikin kwanakin da yake fitowa da hantsi ne.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Baba. Ya shafa ƙirjinsa inda aljihun yake lilo, don ko a lokacin rigar a juye take. "Ina nan ina roƙon ruwa a kan ginin kaina. Matata tana tara kwano a ɗaki, ni ina cewa a ƙaro."

"Haba Baba, ikon Allah ne," in ji Garba.

"Na sani. Yaushe za ka juya?"

"In an yi la'asar."

"To da ni."

Malam ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Baba... to... ranar asibitin..." Baba ya ce asibiti ba ya gudu, gida kuwa ya faɗi, kuma ya zauna a garin mutane ya zama abin dariya ya isa haka. Ashe duk yana ji. Ashe sunan ma ya kai kunnensa. Ya ce, "Ke, haɗa mini jakata," ya miƙa hannu yana laluben sandarsa a gefen tabarma.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na riga hannunsa isa wurin, na fizge sandar na ɓoye ta a bayana. Ya yi ta shafa tabarma, ya shafa siminti.

"Ina sandar?"

"Tana hannuna."

"Ba ni."

"Ba zan bayar ba."

Tunda aka haife ni ban taɓa ce masa a'a da ƙarfi ba. Kuma da bakin ya buɗe sai ya ƙi rufuwa. Murya ta fito mini irin wadda nake yi wa kwandasta, a tsaye nake, shi yana zaune a ƙasa.

"In ka je me za ka gani? Katangar za ka gani, ko geron? Tubali za ka ɗora? Ko ƙofar banɗaki ba ka gani sai na ja ka! Ka je ka zame wa Hamisu kaya a kan kaya? Ba inda za ka, sai an buɗe idon nan!"

Talatu, mai bakin nan, ta rufe shi da tafin hannu. Garba ya sunkuyar da kai yana juya hularsa. Malam ya juya ya fuskanci bango. Iya Bose ba ta jin Hausa sosai, amma ta ji abin da ya isa, ta ce, "Ah," a hankali, ta kwashi barkononta ta shige. Duk dariyar da aka yi wa Baba a layin nan, ba wanda ya tsaya a kansa ya gaya masa ba ya gani, a gaban surukinsa da baƙo. Sai ni da ya haifa.

Baba ya janye hannunsa daga simintin ya ɗora a gwiwa. Sannan ya ce, "Garba, ka gaida gida. Ka ce wa Hamisu ya kafa zana kafin kaka." Ya miƙe da kansa, ya bi bango da tafin hannu har falo. Ban iya matsawa in kama shi ba, shi ma bai nema ba.

Daga ranar bai sake fitowa tsakar gida ba. In na kai abinci in ajiye in ce, "Ga shi, Baba," sai ya ce, "Madalla," ba ƙari. Na jingina sandar a inda hannunsa zai same ta, bai taɓa ta ba. Na yi kuka a bayan murhu har Talatu ta zo ta zauna kusa da ni, ta karɓi muciyar ta tuƙa mini tuwon, ba ta yi tsokana ko ɗaya ba. Abin mamaki, da aka koma awo jinin ya sauka. Ashe rashin sani ne yake hawar da shi, ba mugun labari ba. Aka yi aikin a ranar da aka sa.

Da safen da za a cire bandeji ruwan Legas ya dawo, ta wajen teku, ba sallama. Muka isa asibiti a jiƙe ni da Malam. Baba yana zaune a bakin gado, rabin fuskarsa a naɗe. Na samu kusurwa na durƙusa, na ja mayafi na rufe goshi, ina kallon ruwan da ke ɗiga daga zanena yana taruwa a ƙasa. Na ji ƙarar almakashi, na ji ana ɓare filasta. Likita ya ce ya buɗe a hankali. Ya tambaye shi yatsu nawa, Baba ya faɗa daidai. Malam ya yi ta hamdala kamar ba zai daina ba. Baba ya ce ga taga, ga ruwa yana bin gilashi. Ya ce wa Malam ashe ya yi furfura a gemu, Malam ya rasa inda zai sa kansa.

Na san inda idon ya juyo, na ji shi a tsakiyar kaina.

"Ke."

"Na'am, Baba."

"Ɗago mana. Ke kika tsare ni in gani."

Wuyana ya yi nauyi kamar an ɗora mini tulu. Na ɗago. Idon ja ne, yana ta zubar da ruwa, amma yana kaina sosai, kuma karo na farko ke nan a rayuwata da na kalli cikinsa. Ya dube ni, na dube shi. Shi ya riga ni sunkuyar da kai.